Shekarar da Na Zana Cikin Baƙo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke ɓoye a ciki da abin da ke ɓoye a zuciya. Ku 'ya'yana, na san kun taso kuna jin ana kirana Manu Mai Tumbi a bayan idona. Na kuma san abin da tsofaffin Ƙofar Marke suka gaya muku, wai ni na zana ajalin yayana Garba a takarda kafin ya iske shi, wai kuma in na dubi mutum ina ganin kayan cikinsa. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, ko don kunya ko don tsoro. Yanzu da hannuna ya fara rawa, gara in rubuta muku yadda abin ya kasance tun ina iya riƙe alƙalami.

Gidanmu gidan Rundawa ne, wato mahauta, tun kaka da kakanni. Ina goye Nasara suka ci garin nan, saboda haka ban san zamanin da ya gabaci nasu ba sai a bakin manya. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Yaya Garba ya gaji wuƙarsa da rumfarsa, shi ke riƙe da gidan gaba ɗaya. Garba ƙato ne mai yawan dariya, ga son yaji, goro kuma ba ya barin bakinsa. Ni kuwa wuƙa ba ta karɓe ni ba, sai aka bar ni a makarantar allo, a can na koyi zayyana, wato adon da ake yi wa allon mai saukar karatu. A shekarar da nake ba ku labari na riga na zama magidanci, ban daɗe da auren mahaifiyarku Kulu ba, kuma har daga Gidan Igwai ana aiko mini da alluna.

A lokacin akwai wani likita Bature a asibitin bariki, dogo mai jan wuya, wanda mutane suka laƙaba wa Mai Fito, don ko yana duba marar lafiya fito yake yi a hankali ta tsakanin haƙora. Mu kuwa mun taso da sanin cewa fito kiran iskoki ne. Yakan zo mahauta da hantsi ya sa a tsaga masa hantar saniya yana neman tsutsa, tare da tafintansa Malam Audu, wani mutumin Bida mai sanyin magana. Wata rana ina zaune a rumfar Garba ina ƙarasa wani allo, sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai na ga likitan ya sunkuyo yana bin layukana da ido. Ya daɗe a haka, sannan ya yi wa Malam Audu magana.

"Likita ya ce hannunka ba ya rawa," in ji Malam Audu. "Ya ce mutane suna zuwa masa da ciwon ciki, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce maciji ne ke yawo a cikinsa. In ya yi musu bayani ba sa ganewa. Yana son mai zana masa cikin ɗan Adam a babbar takarda, a riƙa kaiwa ƙauyuka ana nuna wa jama'a."

Da na kawo maganar gida, Inna mahaifiyarmu tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Ta ajiye mazari.

"Hannun da ka rubuta ayar Allah da shi, shi za ka zana mutum? Ran gobe in anka ce ka hura mai rai, mi za ka cewa?"

Garba ya kwashe da dariya har yana dukan cinya.

"Inna, tumbi na fa. Tumbi bai da ido, bai da baki. Ni kullum hannuna cikinai shike, ban taɓa jin ya yi magana ba."

Na je na tambayi malamina, ya ce muddin ban zana fuska ba, ban kuma cika surar mutum ba, babu laifi. Da wannan sharaɗin na karɓi aikin. Gaskiyar magana, abin da ya ja ni shi ne takardar. Ban taɓa ganin irinta ba, fara fat, mai santsi, faɗinta ya kai buzun salla.

Aka ba ni wuri a barandar asibitin, likita ya buɗe mini wani littafinsa mai kauri. A shafin akwai hoton wani mutum an buɗe cikinsa gida biyu kamar ƙyauren ƙofa, hanta da hanji da komai a fili, amma idonsa a buɗe, fuskarsa a sake, kamar mai jiran a kawo masa abinci. Kayan cikin ba su dame ni ba, a cikin irinsu na girma. Fuskar ce ta hana ni sakat. Kullum kafin in fara aiki sai in tuɓe hulata in kifa a kanta. A haka na yi ta kwafa har ruwa ya sauka, na san inda maƙogwaro ke shiga da inda hanji ke fita, na ga cewa cikin mutum jaka ɗaya ce tak mai lanƙwasa kamar salkar ruwa, ba ɗaki-ɗaki ba irin na saniya.

Wata rana da tsakar rana, ana zafin nan mai nauyi na kafin hadari, Malam Audu ya zo ya tsaya a kaina, ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce akwai wani baƙo da ya zo da ayari daga arewa, ya faɗi a kasuwa yana aman jini, aka kawo shi nan ya cika. Ayarin ya riga ya tashi, babu wanda ya san sunansa ko garinsu, babu kuma wanda ya zo neman gawar. Likita zai buɗe shi ya ga abin da ya kashe shi, yana kuma so in zauna in zana, don hoton littafi ƙarami ne, ba shi da launi. Ya ce in ba na so in faɗa, shi zai san yadda zai juya maganar. Na shiga ɗakin nan da ƙafata, babu wanda ya tilasta ni. Abin da na roƙa kawai shi ne a rufe fuskar mamacin da ƙyalle, aka rufe.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya a sama. Na zauna a kan akwati, takarda a cinyata. Hannun hagu na baƙon ya zamo daga kan teburin yana reto kusa da gwiwata, na ga babu ƙaramin yatsa, tsohon guntu ne da ya daɗe da warkewa. Likita yana aiki yana fito. A waje wata yarinya tana tallan fura, muryarta na shigowa ta taga, tana nisa tana dawowa. Can sai fiton ya tsaya. Ya ciro cikin, ya tsaga, ya wanke, ya shimfiɗa shi a kan faranti, ya yafito ni da yatsa. Bangon cikin kunya-kunya ne kamar gonar da aka yi wa huɗa, launinsa tsakanin fari da ja. A gefe guda, wajen lanƙwasar, akwai rami zagayayye, faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, bakinsa a gyare sumul kamar an huda fata da ƙarfe mai zafi. A tsakiyar ramin akwai wani ɗan baƙin ɗigo, bakin jijiyar da ta fashe.

"Likita ya ce wannan shi ne gyambon ciki," in ji Malam Audu, murya ƙasa-ƙasa. "Ruwan da ke narkar da abinci shi ke cin bangon. In ya ci ya kai ga jijiya, mutum sai ya yi ta zubar da jini ta ciki. Ya ce ka zana shi yadda yake, kada ka yi masa ado."

Na zana. Hannuna bai yi rawa ba, kuma har yau wannan na ba ni mamaki. Da na gama sai likita ya yanke wurin gyambon ya saka a kwalba mai faɗin baki, ya cika ta da wani ruwa mai hawa hanci, ya ɗora a kan kanta. Sauran gawar aka ɗinke, aka yi mata wanka da salla, aka kai maƙabarta. Na bi su har aka rufe. Muna dawowa ruwa ya ɓarke.

Bayan kwana kaɗan likita ya tafi dogon rangadi ƙauyuka, ya bar Malam Audu a asibiti, ya ce in tafi da zanen gida in sa masa launi kafin ya dawo. Na jiƙa karan dafi irin wanda dukawa ke rina fata da shi, na haɗa da ƙaro, na yi ta gwadawa har na sami jan da ya yi daidai da wanda na gani. A kwanakin nan abinci ya fita raina. In muka zauna cin tuwo a zaure, sai in riƙa bin lomar kowa da tunani, daga baki zuwa maƙogwaro har ta faɗa cikin salkar nan. Ba gani nake yi ba, ku riƙe wannan da kyau, tunani ne kawai irin na wanda ya ga abin da bai saba gani ba. Amma a wannan kallon ne na lura da abin da na shekara ina gani ban kula ba. Yaya Garba in ya gama ci, sai ya ɗan jima, sannan ya kai yatsu uku ƙarƙashin ƙashin ƙirjinsa ya danna, ya lumshe ido. Sai ya zaro ɗan ƙullin kanwa daga aljihu ya lasa. Wuyan rigarsa kuma ya yi masa yawa.

Wata la'asar ina shimfiɗe da takardar a zaure tana bushewa, ya shigo daga kasuwa. Ya tsuguna zai yi mini ba'a kamar yadda ya saba, sai idonsa ya faɗa kan zanen. Ya kai yatsa kusa da jan ramin, bai taɓa ba.

"Manu, wanga cikina na."

"Ba naka ba ne, Yaya. Na wani baƙo ne."

"Nan shike. Daidai nan shike ci na, awa an aza garwashi. Yaushe kag gan shi?"

Na gaya masa komai, ɗakin da teburin da kwalbar. Ya saurara bai katse ni ba, idonsa a kan takardar. Sannan ya faɗa mini abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa, cewa ya daɗe yana fama, bayan gidansa kan fito baƙi ƙirin kamar tawada, kuma ya ɗauka wani abokin sana'a ne ya jefe shi. Na roƙe shi ya zo asibiti ya kwanta. Ya girgiza kai.

"Ba ni kwana inda ake yi ma gawa fito. Naɗe ta, Manu. Abin ga kallona shikai."

Na duba, na ga gaskiyarsa. Zagayen ja da baƙin ɗigo a tsakiya, in ka daɗe kana kallo, ido ne.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da Inna a tsaye a zaure, riƙe da ƙwaryar fura cike, ba a taɓa ba.

"Wani baƙo yaz zaka kana masallaci," ta ce. "Ya yi sallama, yat tambaya ko nan na gidan mai zane. Nic ce nan na, amma bai nan. Na ga alamun tahiya gare shi, sai nid dama mai hura. Yac ce in maishe ta, wai shi bai da wurin sa ta."

"Ƙaƙa yake, Inna?"

"Dogo na, ya ruhe huska da baƙin rawani. Da hagu yam miƙo mani ƙwaryar, awa wanda ba a yi ma tarbiyya ba. Ko ƙaramin yatsa babu ga hannun."

Ban gaya mata komai ba. Na fita na zaga unguwa, na tambayi masu zaman bakin ƙofa, babu wanda ya ga shigarsa ko fitarsa, kowa ya tafi masallaci. Na sha juya wannan abu a raina. Mutanen ayari da yawa igiyar raƙumi kan tsinke musu yatsa, mai yiwuwa ɗan'uwan mamacin ne ya dawo cigiya, mai yiwuwa kuma ƙoshi yake nufi da maganarsa. Amma wa ya gaya masa akwai mai zane, wa ya nuna masa gidan? Wannan ban sani ba, kuma ba zan ƙara muku komai a kan abin da Inna ta faɗa ba.

Daga nan ne jan ya fara yaɗuwa. Damina ta yi ƙarfi, ɗakunan ƙasa duk sun yi danshi, kuma ina jin ban sa ƙaro ya isa ba. Duk lokacin da na warware takardar sai in ga zagayen ya ɗan ƙara faɗi, bakinsa da na gyara sumul ya fara yin gashi-gashi yana shiga cikin kunyoyin. Garba da ya ce in naɗe, shi ne kuma ya koma nema. In ya dawo daga kasuwa sai ya ce in ɗauko, ya auna da farcensa, ya tashi ya fita. Na je wurin Malam Audu na kwatanta masa halin da ake ciki. Ya ba ni wani farin gari a ƙunshi, ya ce a riƙa damawa da ruwa Garba yana sha, ya bar yaji da goro da taba, ya riƙa shan madara kaɗan-kaɗan, ya kuma bar ɗaukar nauyi. Abin mamaki, Garban da ba ya jin maganar kowa ya bi duka. Amma ya kawo nasa sharaɗin, a gaban Inna.

"Tunda hannunka ya iya zana ciwo, zana mani lahiya. Ga allo, ba ga takardar Nasara ba. Ka wanke in sha."

"Yaya, wannan ba aya ba ce. Zane ne kawai."

"Yi abin da yac ce," in ji Inna. Tun da na fara aikin nan, ranar ce ta fara dubana ido cikin ido.

Na ɗauko allona na wanke, na zana ciki lafiyayye da tawada, kunyoyinsa a jere babu tabo, na zagaye shi da Fatiha. Inna na tsaye a kaina har na gama. Na wanke a ƙwarya, ta zuba madara, ya shanye. Kuma ya samu sauƙi, wannan babu ƙarya a ciki. Dariyarsa ta dawo, kumatunsa suka ciko, ƙullin kanwa ya ɓace daga aljihunsa. Inna ta ce allon ne, Malam Audu ya ce garin ne da madara, ni ban yi gardama da kowa ba. Na naɗe takardar na soke ta a rufin ɗaki, muka manta da ita.

Da kaka ta yi, hatsi ya shigo, aka shiga bukukuwa, yanka ya yawaita. Garba ya ga ya warke, ya koma ga goronsa, ya koma ga balangu da yaji, in na yi magana ya ce in bar shi ya ci arzikinsa. Wata rana da hantsi ya sunkuya zai ɗaga cinyar saniya, sai ya zauna a ƙasa kamar wanda ya tuna wani abu. Ya yi amai, na farko baƙi, na biyu ja. Abokan sana'arsa suka ɗauko shi a kan ƙyauren rumfa suka kawo gida. Na ce a wuce da shi asibiti, ya ɗaga hannu ya hana. Aka shimfiɗa shi a ɗakin Inna, mata suka cika ƙofa, leɓɓansa sun yi fari kamar an shafa toka. Ya neme ni da ido.

"Ɗauko ta in gani."

Na so in ƙi, amma ba a yi wa mai wannan hali gardama. Na zaro ta daga rufin ɗaki na warware a gabansa, a gaban kowa. Kyankyasai sun bi ƙaron sun cinye wurin jan, sun bar sauran takardar lafiya lau. Daidai inda gyambon yake, rami ne ya ɓulle. Garba ya karɓa da hannu biyu ya ɗaga ta saitin fuskarsa, sai ga idonsa yana kallona ta cikin ramin. Wata mata a bakin ƙofa ta yi salati da ƙarfi, wasu suka ja da baya.

"To," ya ce. "Ya huje ke nan."

Ya ajiye ta, ya nemi ruwa, Inna ta jiƙa masa leɓe, na riƙa laƙƙana masa kalmar shahada yana bina. Kafin la'asar ya cika. Matan da suka tsaya a ƙofar nan su suka fita da labarin, kuma kafin mu dawo daga maƙabarta ya riga ya zama abin da kuka ji.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Inna ta kira ni tsakar gida. Ta ajiye kasko cike da garwashi a tsakaninmu.

"Sa ta," ta ce. "Kuma ka rantse mani da Alƙur'ani ba ka ƙara taka asibitin ga, ba ka ƙara zana cikin kowa."

Takardar na sa a wuta da hannuna, na tsaya har ta zama toka. Rantsuwar ce na ƙi. Na gaya mata cewa Garba ya yi shekaru yana ɓoye ciwonsa yana zargin mutanen da ba su yi masa komai ba, kuma bai buɗe baki ba sai ranar da ya ga abin da idonsa. Watannin sauƙin da ya samu, a dalilin ganin nan ya same su. Na ce akwai irinsa da yawa a garin nan da ƙauyuka, suna danna ƙirji suna lasar kanwa a ɓoye. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗauki kaskonta ta shige ɗaki.

Da likita ya dawo, na roƙe shi abu ɗaya kafin in sake ɗaukar alƙalami, wato kwalbar nan. Ya tambayi dalili. Na ce wa Malam Audu ya gaya masa mai abin ya zo nema. Malam Audu ya fassara. Likitan bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya sauko da ita. Ni da Malam Audu muka naɗe naman a farin ƙyalle, muka je maƙabarta, mai haƙar kabari ya nuna mana inda yake jin nan ne kabarin baƙon, don ruwa ya baje wurin, muka tona gefe muka rufe, muka yi addu'a. Baƙon bai sake zuwa gidanmu ba.

Na sake zanen daga ka, babu abin da na manta. Wurin farko da muka kai shi ƙauyen Dundaye ne. Malam Audu ya rataye shi a jikin bishiya, manoma suka taru. Wasu suka sulale suka tafi suna tofi. Can wani tsoho ya taso, ya matso, ya aza yatsa a kan jan, sannan ya aza a jikinsa, ya dubi Malam Audu. Bayansa wani ya taso, sai kuma wani. A cikin waɗanda suka karɓi garin nan suka bar yaji, akwai waɗanda na ga jikokinsu, akwai kuma waɗanda ba su kai baɗi ba. Na yi shekaru ina wannan aiki, na zana hanta mai tsutsa, na zana hanjin mai atuni, fuska ce dai ban taɓa zanawa ba.

Abin da na biya kuwa, ga shi. Tun daga shekarar babu wanda ya sake kawo mini allo. In na shiga wurin ɗaurin aure sai in ga maza suna jan riga suna tattarawa a kan cikinsu. Akushin da na sa hannu, sai a bar mini ni kaɗai. Matar Garba ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu, ta hana su gaishe ni. Mahaifiyarku kaɗai ke zama kusa da ni in ina ci, Allah ya jiƙanta. Inna kuwa ba ta kore ni ba, ba ta yi mini baki ba, tana amsa gaisuwata safe da yamma. Amma ba ta ƙara cin abinci ina kallo ba. In na shigo tana ci, sai ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe har ƙwaryar. Haka muka zauna har kuka zo duniya, har manyanku suka fara wayo.

A ciwonta na ƙarshe, tsufa ne kawai da zazzaɓi, ta sa aka kira ni, ta ce kowa ya fita. Ta kama hannuna na dama, wanda nake zane da shi, ta ɗora a kan cikinta. Ya shafe kamar na jariri, ina jin numfashinta yana ɗaga tafina a hankali.

"Diba mani, Manu. Mi kag gani?"

"Ban ga komai ba, Inna. Wallahi ban taɓa gani ba, ko naki ko na Yaya ko na kowa."

Ta daɗe tana kallona, ba ta saki hannun ba.

"Ƙarya kaka yi," ta ce. "Amma Allah shi yi ma albarka. Kira Kulu ta kawo mani kunu, ka zamna nan in sha."